Ranar da na rufe famfona

Jimeta, Jihar Adamawa.

Zuwa ga ƙanwata Hadassah,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ku lafiya a Fatakwal, ke da maigidanki Ephraim da yara. Allah ya ƙara masa sauƙin hawan jinin nan, ya kuma raba shi da gishiri, tunda ke kin kasa. Ni ma lafiya lau, sai gwiwata da take nan da halinta. Ɗana Gabriel ya koma aikinsa Abuja bayan ya kwaso ni da kayana daga Yolde Pate.

Kin ce in ba ki labarin sabon gida. To, ba zan yi wa Allah butulci ba, gida ya yi kyau. Gidajen haya ne da aka gina a tsakiyar gari, ba nisa da kasuwa, domin masu ƙaramin ƙarfi irinmu, fanshona ma yana biya har in ci nama. Da bulon jar ƙasa aka yi su, don haka zafin Yola da kika sani iyakarsa bakin ƙofa. Wuta daga rana take, sola ce a kan rufi. Ruwan sama ma ba a barinsa ya tafi banza, a tanki ake tara shi. Ɓawon doya da sauran abinci akwai durom ɗinsu daban, ana yin taki da su don bishiyoyin tsakar gida. Itace da gawayi kuwa an hana, kowa da gas ɗinsa.

Amma Hadassah, kaɗaici ya ishe ni. A tsohon gida, tun rasuwar mijina Albert ban taɓa wuni ban yi magana ba. Da safe Dada, uwar Nuruddeen maƙwabcinmu, za ta shigo ɗiban wuta da guntun kwano, ta tsaya ba ni labari har garwashin ya mutu, in sake ba ta wani. A layin rijiya muke jin wanda ya haihu da wanda ya kwanta asibiti. Ina ta mita a lokacin, ashe abin da ke riƙe da ni ke nan. A nan ba mai neman komai a wurin kowa. Sai in ji motsin mutane ta bango, amma ba wanda ya taɓa buga mini ƙofa.

Ran Talata na gaji. Kada ki yi dariya, na san halinki. Na laluba bayan banɗaki na murɗe makunnin ruwan ɗakina, na ɗauki bokiti, na ɗaura ɗankwali mai kyau, na buga ƙofar maƙwabciyata Ada, wata Inyamura mai shagon atamfa. Har na ajiye kunun gyaɗa da kofi biyu a ɗaki, don na san daga roƙon ruwa hira take farawa. Yarinyar kirki ce, wallahi. Ta karɓe bokitin, ta ce bai kamata uwa kamata ta ɗauki ruwa a gidan nan ba. Nan take ta kira Silas mai kula da gidajen a waya. Ya zo ya murɗa abin da na murɗe, ruwa ya zubo, ya ce wataƙila tsintsiya ce ta taɓa shi. Sai Ada ta sa mini lambarsa a wayata, ta ce daga yau in wani abu ya lalace in kira shi kai tsaye, ba sai na wahalar da kaina na zo ƙofarta ba. Na yi mata godiya sosai. Kunun ni kaɗai na sha, da rana da kuma dare.

Kada ki gaya wa Gabriel, ya yi ƙoƙari ƙwarai kafin ya samo mini wurin nan, kuma yana alfahari da shi. Ke dai nake roƙo, ki zo. Ba sai Kirsimeti ba. Akwai ɗaki, akwai fanka, ki zo ki yi mini surutunki da nake cewa yana sa ni ciwon kai.

Ki gaida Ephraim, da Queen da mijinta, da Fredrick in ya dawo daga makaranta. In kin tashi zuwa kada ki kira ni daga tasha. Ki zo ki buga ƙofa.

Yayarki,
Kezia