Matata Ta Ce Kyawun Riƙo Shi Ne Saki

Gwaggo mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya.

Ni tela ne. Matata kuma malamar kimiyya ce a jami'a, tana bincike a kan ruwa. Ruwa dai, wanda muke sha. Ta ce ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace tana miƙa wani ɗan hannunta, wai shi haidurojin, ta riƙe ta kusa da ita. Tana zana su a kwamfuta ta lissafa yadda suke rawa, sannan a wurin aikinsu a haska wa ruwan wani haske, na'ura ta fitar da layi mai tudu da kwari. Idan layin lissafinta ya hau kan na na'urar, to ta gano yadda suke zaune ke nan.

Gwaggo, ban ƙi aikin ba wallahi. Maɓallaina take kwashewa, ja ɗaya farare biyu, wai siffar ƙwayar ruwa ke nan, ta haɗa su da zare ta rataye a tagar ɗakinmu. Da hantsi iska tana kaɗa su, inuwarsu tana yawo a bango, ita kuma ta yi tagumi tana murmushi. Nakan tsayar da keke in yi ta kallonta. Wani sa'in har ni ma sai in ji kamar ɗakin ya cika da ruwa, muna shawagi a ciki ba nauyi.

Ran nan tana wanke kofuna take ce mini abin da ya fi burge ta da wannan riƙon shi ne ba ya ɗaurewa, ana kamawa ana saki, ana kamawa ana saki, kafin ƙiftawar ido kowace ta sauya abokiyar riƙo. Ta ce kyawunsa ke nan. Mace ta kalli mijinta ta yabi saki? Yanzu ga shi an gayyace ta wani gari mai nisa na wasu watanni, inda ake da na'urar da ta fi tasu, ta ce ba za ta taka ba sai na yarda. Yayata ta ce kada in kuskura. Ina sonta ƙwarai, kuma ina tsoron in ta tafi ba za ta ga abin dawowa wurin mai ɗinki ba. Yaya zan yi?

Tela Mai Kishin Ruwa

Ɗana tela, ka ba ni dariya, ka kuma ba ni tausayi. Sakin da matarka take nufi na ƙwayoyin ruwa ne, kai kuma ka ɗauko shi ka kai gaban alƙali. Na tambayi wani masani, ya ce da ƙwayoyin ba sa riƙe juna da ruwan ya bi iska, da kuma ba sa saki da ya sandare ya zama ƙanƙara. Batun kofi ne wannan, kada ka auna aurenka da shi.

Amma tsoronka ba shirme ba ne. Nisa yana da wuya, kuma ita ma tana da laifi idan ta shagala har ba ta lura mijinta yana ramewa a gefenta ba. Sai dai ba ta san gaibu ba. Ka gaya wa yayarka, ka gaya mini, ita kaɗai ce ba ka gaya wa ba. Ka zaunar da ita ka faɗa mata kana tsoro, da wannan kalmar, ba kwana-kwana. Ku tsayar da ranar dawowa, da yadda za ku riƙa waya, da lokacin da za ka rufe shago ka kai mata ziyara. Yayarka kuma ka gode mata, ka bar ta a gidanta.

Shawarata ka bar ta ta je. Idan ka hana ta za ta zauna, tunda ta ce sai da yardarka, amma kullum za ka riƙa tambayar kanka ko don kai ta zauna ko don ka rufe ƙofa. Allah ya kai ta lafiya, ya dawo maka da ita, ya sanyaya maka zuciya.