Ruwan da Na Hana a Zuba

Asabar, 7 ga Yuni
Karatu a gari. Ƙauyenmu ne ya zaɓe ni in riƙa jan sujada ran Lahadi, tunda Fada ba ya iso mu sai hanya ta bushe. Yau Fada Anselmo ya zana bishiya a allo, ya ce ilimin tauhidi ke nan: reshen sanin Almasihu, na ikkilisiya, na sakramenti, na ɗa'a, can ƙoli kuma na al'amuran ƙarshe, wai Eskatoloji. Nahún da ke gefena ya raɗa mini, "Wilmer, wannan ai sunan ciwon akuya ne." Reshe ɗaya kowane wata. Ni ba na gaggawa.

Alhamis, 19 ga Yuni
Yaya Dilcia ta sauka, namiji. Ya ƙi kama nono. Kogi ya cika.

Asabar, 21 ga Yuni
Jaririn ya koma da hantsi.

Jiya Iya Tomasa ungozoma ta ɗebo ruwa a ƙwarya za ta zuba masa a ka, yadda tsofaffi ke yi. Na riƙe hannunta. Na ce baftisma aikin Fada ne, mu jira kogi ya janye. Ta ce, "Kai ɗan nan, daga shiga aji har ka fi mu sanin mutuwa?" Amma ta ajiye ƙwaryar. Don ni ne mai zuwa karatu.

An sa masa farar riga da furanni. Mata suna ta hana Yaya kuka, wai ya zama mala'ika, kada hawaye su jiƙa masa fikafikai.

Lahadi, 29 ga Yuni
Yaya ta tare ni a bakin coci. "Ƙanena, kai mai karatun Allah, yana ina?" Na ce wannan na reshen ƙarshe ne, sai Oktoba za mu kai. Haka fa na ce mata. Ta dube ni, ta juya gida.

Lahadi, 20 ga Yuli
Yau ma kujerarta ba kowa.

Asabar, 2 ga Agusta
Reshen sakramenti. Fada ya ce idan mutuwa ta gabato kuma babu Fada, kowa ma yana iya zuba ruwa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kowa. Ya faɗa, ya wuce kan batun aure.

Da aka tashi na bi shi na tambaya. Ya dafa kafaɗata, ya ce irin waɗannan jarirai muna barin su ga jinƙan Allah, da kyakkyawan zato. Nahún ya turo mini wainar masara da wake, wai ko aljani na gani.

Laraba, 6 ga Agusta
Na faɗa wa Yaya tana niƙan masara. Ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Na sani. Iya Tomasa ta gaya mini tun ranar."
Na ce to me ya hana ta magana.
"Jira nake ka kai reshen."

Lahadi, 10 ga Agusta
An yi ruwa, mutane kaɗan. Wajen addu'ar matattu, bayan sunayen tsofaffi, sai na ji bakina ya ce Ismael. Ba shi da sunan baftisma, amma haka Yaya take kiransa tun yana ciki. Ban tambayi Fada ko ya halatta ba.

Tana tsaye a ƙofa, ba ta shigo ba. Ina ji kamar muryarta na cikin masu amin. Ban waiwaya ba.