Shirin da Na Yi wa Melquiades

Litinin, 7 ga Yuli
Ruwa ya sauka sosai a garinmu Huautla, "yara" sun fara fitowa a gefen tudu, laimar kwaɗin nan mai buɗe ido. Goggo Apolonia mai magani ta yarda za ta yi zaman dare da mijina Melquiades ran Asabar, ta ba shi su ya ci. Tun da kogi ya tafi da ɗanmu Efraín bara, bakin mutumin nan ya mutu. "I", "a'a", shi ke nan. Na gaji da zama da kujera. Ina son mijina.

Laraba, 9 ga Yuli
Na gama tsara komai. Kyandirori, turaren wuta, 'ya'yan koko, bargo. Na zaɓa masa tambayoyin da zai yi wa yaran, da addu'ar da zai fara da ita. Washegarin zaman zai yi wanka, ya leƙa gonar kofi, ya gaida ƙanensa. Na faɗa masa duka, ya ce "to".

Alhamis, 10 ga Yuli
Goggo ta yi mini dariya har da tari. "Herminia, uwar tsari! Yaran ma sai kin gaya musu abin da za su ce?" Na ce ni dai zan zauna gefe in lura da shi. Ta ce, "Gefen wa? Bibbiyu ake cin su, 'yar nan, miji da mata kuma tare. Ba na karɓar 'yan kallo."
Ni fa lafiyata ƙalau. Amma na ce mata "to".

Juma'a, 11 ga Yuli
Dokar Goggo kafin zaman: ba nama, ba giya, shimfiɗa daban. Wannan na ƙarshen ba sabon abu ba ne a gidan nan.

Lahadi, 13 ga Yuli
An yi. Ko tambaya ɗaya bai yi ba, bargon ma ni aka lulluɓa wa. Goggo na waƙa, ni kuwa kuka kamar za a zare mini rai, hannunsa a bayana. Abin da na gani ba zan rubuta ba.
Da gari ya waye na ce, "Tashi, wanka." Ya riƙe mini zane. "Mina, zauna mana. Duk lokacin da na buɗe baki zan ambaci Efraín, sai ki miƙo mini aiki."
Na ji haushi ƙwarai. Na zauna.

Laraba, 16 ga Yuli
Bai je gona ba tukuna, ban kuma yi magana ba. Yau ina gasa wainar masara ya jawo kututture kusa da murhu, ya fara ba ni labarin ranar da Efraín ya saci alade ya kai makaranta. Har ya yi dariya, muryar duk ta dishe.
Na ji ƙaurin wainar tana ƙonewa. Na bar ta, na ce, "Sai me malamin ya ce?"