Ni Ke Ɗaure Hannun Baba a Ɗakin Wankin Ƙoda

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Babanmu ya haura tamanin, ƙodarsa ta gaza, ga ciwon mantuwa. Sau uku a mako nake kai shi wankin ƙoda. Tsohon makanike ne, to da na'urar ta yi ƙara sai ya miƙa hannu wai zai gyara. Makon jiya ya fizge tiyon da ke wuyansa, jini har kan takalmina. Tun ranar ake ɗaure masa hannu da bandeji a jikin gado, awa huɗu, kuma ni ke ɗaurewa, don ba ya barin nas ta taɓa shi. Sunana ya ɓace masa, amma da ya gan ni da mayafin fita sai ya ƙanƙame ƙofa yana kuka.

Likita na son amsa ranar Alhamis: ko a ci gaba, ko a dakata a riƙa sauƙaƙa masa ciwo a gida. Yayanmu, da ke nesa, ya ce a waya in na dakatar ni na kashe Baba. Tsoro nake ji, Anti. Ban san wanne ne zalunci ba.

Autar Makanike

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Yayanki ba mugu ba ne, tsoron rasa uba yake yi, kuma wankin kan ƙara wa wasu kwana masu daɗi. Amma ba kowane tsoho yake yi wa rana ba, kuma barin maganin da ya zama azaba ba kisa ba ne.

Ni ba likita ba ce, don haka ki tsare likitan da tambaya: in an ci gaba, me Baba zai samu? In an dakata, me zai ji, wa zai riƙa duba shi? Ki nemi ya ɗaga Alhamis ɗin. Ku tuntuɓi malamin da kuka amince da shi, ku kuma tuna abin da Baba kan faɗa game da jinya lokacin da hankalinsa ke tare da shi.

Shi kuma Yaya, hukunci ta waya ya isa haka. Ya zo ya zauna awa huɗun nan a bakin gadon, sannan ku yanke tare.

Duk abin da kuka zaɓa, ki ajiye bandejin nan. Ki riƙe hannunsa da naki, kada ya bar duniya yana tsoron autarsa. Allah ya sassauta masa, ya ba ki lada.