Hoton da Ke Kallon Bango

Zuwa ga maigidana, Baban yara,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya aikin gadar, yaya kuma ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Direban motar kayanku ya ce ya gan ka kana tafiya kamar mai ɗauke da buhu, don haka kar ka ce mini ya warke. Tunda wurin naku waya ba ta shiga, sai ka yi haƙuri da rubutuna, ka san hannuna ya fi sabawa da almakashi a kan biro.

Mu nan lafiya lau. Cikin ya yi nauyi, har ya fara shiga tsakanina da keken ɗinki. Ƙafafuna sun kumbura, takalminka na wanka nake sawa yanzu. Maƙwabciyarmu Nas tana leƙo ni, ta ce komai daidai. Babban ɗanka Likita yana nan yana bin kowa da filasta, jiya har ƙafar kujera ya liƙa wa. Auta kuwa ya koyi hawa tebur, saukowa ce bai koya ba tukuna.

Akwai abin da ya ɗaure mini kai, shi ya sa na zauna rubutu. Ka san hoton nan na falo da aka ba mu ranar aurenmu, na Yesu a zaune yara sun kewaye shi? Kwanan nan kullum sai in tarar da shi yana kallon bango. Da farko na ce iska ce, tunda da igiya yake rataye. Na gyara, na rufe taga, washegari ya sake juyawa. Likita ya duba ƙusar da gilashin idonsa na wasa ya ce ƙusa lafiyarta ƙalau. Auta ko ya hau tebur hannunsa ba zai kai ba.

Ga kuma 'yarka Tsuntsuwa. Ka san yadda muke yi da safe, bayan karatu kowa ya yi addu'a daga babba zuwa ƙarami, ka kuma san idan aka zo kanta sai shayi ya huce. Har yanzu tana roƙa wa kyanwar maƙwabta da keken malaminsu da mai gyaran famfo. Amma na lura ba ta taɓa ambaton jaririn da ke cikina. Ranar da Likita ya ce Allah ya kawo ƙanenmu lafiya, sai tari ya sarƙe ta, tari mai ƙarfi har ba a jin maganarsa. Na ba ta ruwa. Washegari a daidai wurin tarin ya dawo. Ni dai ban taɓa ganin tarin da ya san lokacinsa haka ba.

Me kake gani? Kai ka fi ni sanin kanta, tunda halinka ta kwaso. Yara suna gaishe ka, Auta ya ce ka zo masa da babbar mota.

Taka har kullum,
Maman yara

Baban yara,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Na ga amsarka, na karanta wa yara wurin da ya shafe su, sauran na riƙe wa kaina. Na gode da ka yarda ka je an duba bayan.

Ka ce kishi ne, yarinya tana tsoron a ƙwace mata wuri. Haka ni ma na zata, amma na sa ido sosai, kuma maganarka ba ta zauna ba. Mai kishi ba ta ajiye rabin alewarta a gwangwanin maɓallaina ta ce na mai zuwa ne. Idan na kwanta da rana sai ta lallaɓo ta kafa bakinta a cikina tana raɗa, ƙasa ƙasa, kamar mai gudun kada wani ya ji. Ita ke sa mini zare a allura in ina ɗinka 'yan riguna, amma da na gama ɗaya sai ta ɓace. Na same su duka a ƙarƙashin katifarta, a ninke tsaf, ninkin da ko ni sai haka.

Ranar Lahadi ta ba ni dariya da haushi lokaci guda. Muna shirin coci ta jawo babbar rigarka ta ruwa ta ce in sa, alhali rana tana ta dukan ƙasa. Na ƙi. A coci ta ƙi zuwa ajin yara, ta tsaya a gabana ƙyam tana tare ni da jikinta, in na matsa dama ta matsa, in na matsa hagu ta bi. Matar da ke bayanmu har ta tambaye ni ko yarinyar ba ta da lafiya.

Bayan an tashi na tsaya da malamarsu ta ajin Lahadi. Ta ce ita ma tana so ta gan ni, don Tsuntsuwa ta dame ta da wata irin tambaya. Wai ta tambaye ta, idan ba a gaya wa Yesu abu ba, zai sani? Malama ta ce ya san komai. Sai ta ce to idan aiki ya yi masa yawa fa, ba ya mantawa da wani gida? Malama ta yi dariya, ita kuwa 'yarka ko murmushi ba ta yi ba.

Maganar hoto kuma ta fito. Na dawo daga shanya na gan ta ta ɗora matashi a kan kujera, ta hau, tana juya shi a hankali da hannu biyu. Ba da wasa take yi ba, har goge ƙurar gefensa ta yi da bakin rigarta kafin ta sauko. Na koma da baya ban bari ta gan ni ba. Ka san ni da saurin faɗa, amma wannan karon na koma bakin aikina. Yarinyar da ke rera waƙar Yesu har a banɗaki, me ya haɗa su? So nake in gane kafin in yi magana.

Ka ci gaba da sa mu a addu'a. Ka rage ɗaukar kaya masu nauyi, akwai samari a wurin.

Matarka,
Maman yara

Maigidana,

Salama a gare ka. Yaya jiki, yaya ruwan saman da direba ya ce ya hana ku sakat? Mu muna lafiya. Ƙanwarka ta iso, za ta zauna da yara idan lokaci ya yi, tuni ta kama kicin ta kore ni.

Na gano, kuma ina so ka zauna kafin ka karanta.

Jiya da rana ina yi wa Tsuntsuwa kitso a tsakar gida, kanta a cinyata. Ka san in ba ta ganin fuskar mutum ta fi sakin baki. Na ce mata na ga an juya hoto, kuma wanda ya juya ya iya goge ƙura. Na ci gaba da kitso har na gama layi guda. Can sai ta tambaye ni ko na tuna ranar da na dawo daga asibiti hannu wofi.

Ka tuna ranar, bara waccan, da muka rasa ɗanmu tun bai ga gida ba. Ina kwance a ɗaki, kai ka tara yara a kan doguwar kujera, a ƙarƙashin hoton nan. Ka nuna musu shi ka ce Yesu yana son jarirai ƙwarai, shi ya sa ya ɗauki ƙanensu ya kai shi wurinsa. Ba laifi nake ɗora maka ba, ba ka da wata kalmar da ta fi wannan taushi a ranar. Mun ɗauka ta yi ƙanƙanta da za ta riƙe. Ashe ta riƙe, ta kuma yi nata lissafin.

Ga abin da ta ce, kamar yadda ya fito daga bakinta: "Mama, idan ya ji labarin wannan ma, ai zai so shi. Shi ya sa ba na gaya masa. Ke ma ki daina, ki gaya wa Likita ya daina."

Baban yara, tsawon watannin nan 'yarmu ɓoye ƙanenta take yi kada Yesu ya gan shi. Tarin, da rigar ruwan, da tsayuwar coci, da rigunan ƙarƙashin katifa, duk gadi take yi ita kaɗai. Dariya ta zo mini, kuka ya riga ta fita.

Na gaya mata ba ƙwace Yesu ya yi ba. Na ce ƙanenta ya zo da ciwon da likitoci suka kasa, da ya kasa zama da mu sai Yesu ya karɓe shi don kada ya rasa mai riƙonsa. Ta saurara sosai. Sannan ta ɗago ta ce to in yi mata alkawari wannan zai zo gida. Ƙanwarka tana daga ƙofar kicin tana yi mini alama da ido in ce i kawai, amma na kasa. Idan na yi alkawarin da ba a hannuna yake ba, me zan gaya mata in abin ya zo da wani hali? Na ce ba zan iya ba, ni ma tsoro nake ji, kuma tsoron ne ya sa nake gaya masa kullum. Ta mayar da kanta cinyata ta ce in ƙarasa kitson.

Da safen nan hoto yana kallon bango. Na bar shi haka, na kuma hana kowa taɓawa. Abin da ya fi damuna shi ne kada lokacina ya yi tana tsoron wanda nake so ta ruga wurinsa. Idan za su ba ka dama ka zo, ka zo. Idan ba hali, ka rubuto mata da hannunka.

Taka,
Maman yara

Zuwa ga Baban yara, uban 'ya'ya huɗu,

Gaisuwa da murna cikin sunan Ubangiji. Na san direba ya riga ya kai maka labari da baki, kuma ya ce ka rungume shi har hularsa ta faɗi. Mace ce, ƙatuwa, hancinka ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Kar ka damu da rashin zuwanka, na san ruwa ya yanke hanya. Mun dawo gida, ɗinkin aikin da aka yi mini yana warkewa. Wannan karon ni aka ɗinka, kuma in gaya maka gaskiya, na fi su iya ɗinki.

Abin bai zo da sauƙi ba. Naƙuda ta kama ni da safe ana shirin makaranta, Nas ta tafi da ni asibiti. Abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har likitoci suka ce sai an yi aiki don bugun zuciyar jaririyar yana raguwa. Nas ta kira ƙanwarka ta gaya mata. Sauran labarin daga bakin ƙanwarka na ji shi, ita kuwa har yanzu ba ta iya ba da shi ba tare da ta share ido ba.

Ta ce ta tara yara a falo ta ce Mama na cikin wahala, kowa ya yi addu'a. Likita ya yi tasa, Auta ya ce amin tun ba a gama ba. Da aka zo kan Tsuntsuwa ba ta fara addu'a ba, ba ta kuma yi tari ba. Ta tambayi gwaggonta ko likitocin za su iya su kaɗai. Gwaggo ta ce suna iyakar ƙoƙarinsu. Ta tsaya tana kallon bayan hoton nan, ta daɗe. Sai ta ɗauko matashi ta ɗora a kujera, ta hau, ta juyo shi yana kallon falo.

Ba ta rufe ido ba, ba ta durƙusa ba. A tsaye a kan kujera ta ce: "Yesu, na ɓoye maka wani abu. Mama tana da jariri a ciki. Yanzu ka sani. Ka je ka taimake su, ni ban iya ba."

Ƙanwarka ta ce daga nan ta sauko ta zauna kusa da waya, ko ruwa ta ƙi sha, har Nas ta sake kira.

Ba zan ce maka na fahimci duk abin da Allah yake yi ba. Wancan karon ma mun yi addu'a, ka sani. Abin da na sani shi ne yarinyar nan ta ɗauki abin da ta fi tsoron rasawa ta miƙa, alhali ba wanda ya yi mata alkawarin komai. Ni da shekaruna ban tabbata na taɓa yin addu'a irin wannan ba.

Takardar da ka rubuto mata ta iso bayan mun dawo. Likita ya karanta mata, ta sa a ƙarƙashin katifa inda riguna suke a da. Rigunan kuwa ta fito da su da kanta, ita ke zaɓar wadda za a sa kowace safiya. Auta yana ta rigima wai an ƙwace masa suna, ka zo ka raba wannan shari'ar.

Yau muka koma addu'ar safe a falo, jaririya a hannuna. Da aka zo kan Tsuntsuwa na ce a raina shayi ya shiga uku. Ta bi kyanwa da keke da mai gyaran famfo, ta roƙa wa bayanka sauƙi. Sannan ta matso ta janye zanen daga fuskar ƙanwarta, ta ce in ɗan ɗaga ta sama wajen hoton. Ta ce: "Ga ta nan, ka gan ta da kyau. Ka bar mana ita ta daɗe. Ka gaya wa ƙanena da ke wurinka ya yi ƙanwa."

Ba wanda ya yi tari. Shayin ya huce, mun sha shi haka.

Ka zo da wuri, ba mu sa mata suna ba, kai muke jira.

Taka har kullum,
Maman yara