Inuwar da Kakanka Yake Farauta

Zuwa ga angona,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya kuma ciwon haƙorin nan? Mu duk ƙalau, in ka cire kakanka.

Ga kacici-kacicin da kakanka ya jefa mini, tunda kai ne mai ilimin gidan: ba rana, ba wata, ba fitila, amma ga inuwa kwance a bango. Wa ya haife ta?

Ni dai kaina ya ɗaure. Tun da kakanka ya rufe shagon hoto ya tsiro da sabon hali. In ba wata, magariba na wucewa sai ya haye ɗakin sama, ya buɗe tagar yamma, ya rataya farin zanin gadona a bango, ya kafa kyamara, ya yi ta ɗaukar zanin a cikin duhu. Zani fa, ba kowa a gabansa! Don tausayi na kai masa tocila, sai ya daka mini tsawa, wai na ɓata masa aiki. Mutumin da ko kaza bai taɓa yi wa tsawa ba. Babanka ya ce tsufa ne ya taɓa kan, har ya ƙwace makullin ɗakin, wai asibiti zai kai shi. In an raba shi da kyamarar nan, me ya rage masa? Ka rubuto da wuri.

Taka,
Tsohuwar amarya

Angona,

Ina gaisuwa, ko da yake shirunka ya yi yawa, na kusa sake miji.

Jiya na lallaɓi babanka ya buɗe mana ɗakin, na hau ba tocila. Kakanka ya sa na ɗaga hannu gaban zanin, kada in motsa, har kafaɗata ta sage. Ni ban ga komai ba sai wautar tsofaffi biyu. Da ya nuna mini hoton, ga inuwar hannu ɓaro-ɓaro, har da karkataccen ɗan yatsana. Na dubi hannuna, na waiga bayana, na kama addu'a. Babanka ya jujjuya hoton, shi ma bai gane ba, amma ya ajiye makullin a kan tebur, ya sauka.

Bayan saukar babanka, kakanka ya nuna mini amsar kacici-kacicin ta taga. Har yanzu na kasa gane yadda abu ɗan mitsitsi, mai nisa haka, ya san hanyar tagarmu. Ka ci abinci, ka gai da abokan ɗakinka.

Kakarka

Af, amsar kacici-kacicin: Zara ce, tauraruwar nan mai haske ta yamma. Ita ta haifi inuwar.