An Yanka Rigarka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Yusha'u mai ɗinkin hannu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa mahaifinsa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama a inda kake kwance. Ɗanka Lawal ne, daga unguwar Bronx, nan ƙasar Turawa. Na san takarda ba ta zuwa inda ka tafi, kuma waɗansu ne za su karanta wannan, ba kai ba. Su karanta, ba komai.

Baba, an yanka rigarka. Tsamiyar nan mai aska takwas da ka ba ni ranar da zan bar Zariya. Gara in faɗa tun daga farko, don na san ba ka son kewaye-kewaye.

Ba ka san Ummi ba sai a hoto. Ita ce 'yata ta fari, mai sunan Inna. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a unguwar Soundview. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana da Turanci take amsawa, na yi faɗan har na gaji. Ita ce ta ce tunda mun cika shekara talatin da aure ni da Binta, za ta kai mu yawo a jirgin ruwa, irin manyan nan masu kama da unguwa guda. Shekara da shekaru ina sauke fasinja a bakin tashar jiragen nan da tasi, ina ciro musu dogayen jakunkunan kwat daga but ɗin mota, ban taɓa tambayar me suke yi da kwat a tsakiyar teku ba.

Ashe akwai wani dare da suke kira daren ado. A takardar da Ummi ta karanta min an ce maza su zo cin abinci da tuksido, wato kwat ɗin biki na Turawa, ko baƙar kwat. Ni da ko ranar aurena ban saka kwat ba. Da na ba abokaina labari a masallaci, dariya suka yi ta yi min, wani ya ce in dawo musu da hoto ko nawa ne zai saya. Ummi ta ce in bar mata komai.

Ta kai ni wani shago a titin Grand Concourse aka auna ni. A nan na fara ganin abin mamaki. Baba, haya ake ba da kayan. Wandon da wani ƙato ya saka jiya ya yi rawa a biki, shi za a wanke a ba ka gobe, kuma manyan mutane ne suke layi. Wandon ba shi da wurin bel, da igiya ake rataye shi a kafaɗa kamar na ɗan yaye, ga wani zane mai sheƙi a gefen ƙafa. Farar rigar ciki ba ta da maɓalli sai waɗansu 'yan ƙarafa da ake cusawa ɗaya bayan ɗaya. Nektayin kuwa ɗan mitsitsi ne, an ƙulle shi kamar malam-buɗe-littafi ya sauka a maƙogwaro. Mai shagon ya kawo falmaran da ake sakawa a ƙarƙashin kwat, Ummi ta ce a'a, wannan ita za ta kawo. Ban kawo komai a raina ba.

Ka tuna yadda ka ɗinka rigar nan? Damina uku kana kanta a zaure, bayan ka gama aikin mutane. Ina dawowa daga makaranta in tarar da kai ka ɗora ta a gwiwa, ka matso bakin ƙofa don neman haske, saboda idonka ya fara rauni. Zare ya ƙare maka a aska ta ƙarshe, ka aike ni kasuwa sau biyu ban samo irinsa ba, sai ka ƙarasa da wanda ya fi shi haske kaɗan. Ba mai lura sai ni da kai.

Ranar da ka ba ni ita ka ce, “Ka riƙa saka ta, ka riƙa shanya ta. Ba don ajiya na ɗinka ba.” Na ce to.

Ban taɓa saka ta ba, Baba. Da farko na ce ta fi ƙarfina, direban tasi ina shi ina tsamiya. Da ka rasu kuma sai na kasa ko kallonta. Na naɗe ta na sa a akwati, na tura can ƙarshen kabad kusa da bututun hita mai ɗumama ɗaki, na ce sai ranar auren Ummi. Duk wanda ya zo gidana daga Zariya sai na ba shi labarin rigar, amma ba na buɗe akwatin.

Ranar adon ta zo a kwana na biyu da tashinmu. Bayan la'asar ina cikin ɗan ɗakinmu ina kokawa da ƙarafan rigar nan, Ummi ta ƙwanƙwasa ta shigo da wani abu a naɗe cikin farar takarda. Ta miƙa min da hannu biyu. Na buɗe.

Falmaran ce. A gabanta ga askarka takwas, ga tambarin, an raba aikin biyu an sa maɓalli a tsakiya. Da farko na ɗauka wani ne ya kwaikwayi aikinka. Sai idona ya sauka a aska ta ƙarshe, na ga zaren nan mai haske. Na zauna a bakin gado, na ji kamar yau aka yi min waya aka ce ka cika.

Abin da na faɗa mata shi ne ya sa nake rubuta maka wannan. Ban ɗaga murya ba, da ma na ɗaga da ya fi sauƙi. Na ce mata, “Da ma na sani. Wanda aka haifa a ƙasar nan bai san darajar komai namu ba. Ke ba jinin Malam ba ce a wannan.”

Ta tsaya tana kallon ƙasa. Sai ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, “Ka yi haƙuri, Baba.” Ta fita ta ja ƙofa a hankali. Binta ta dube ni ta ce ita ma ba ta san da maganar ba, amma abin da na faɗa ya fi almakashi kaifi. Ta ce in ga dama in saka, in ga dama in zauna da yunwa, ita dai ta yi kwalliya kuma za ta fita. Na saka. Ban san dalili ba har yau. Wataƙila don na kasa barin ta a kan gado kamar tsumma.

A ɗakin cin abincin ne raina ya ƙara ɓaci. Mutumin farko da na gani wani dattijon Bature ne, sama kwat, ƙasa siket mai zane-zane, gwiwoyinsa a waje, da 'yar jaka tana reto a gabansa. Na tsaya baki buɗe, ina jiran a fitar da shi, sai na ga ma'aikaci ya rusuna ya ja masa kujera. Binta ta ce kayan gargajiyar ƙasarsu ne. Can ga wani Ba'indiye da doguwar riga har gwiwa. Can kuma, Baba, ga wani Bayarabe ya ci agbada, babbar rigarsu, fara sol, yana tattare hannun riga yana ɗorawa a kafaɗa, mutane suna ba shi hanya. Na tambayi ma'aikacin, ya ce ai kayan ƙasar mutum ma ado ne, an yarda da su.

Ka ga ke nan da rigarka tana nan da ranta, da na shiga da ita yadda ka ɗinka ta, da ba wanda zai kalli Bayaraben nan sau biyu. An yanka ta a banza, don a cusa ta a ƙarƙashin kwat ɗin haya. Haka na yi ta faɗa wa kaina. Kujerar Ummi ta zauna ba kowa. Wata tsohuwar Baturiya ta taso daga teburinta ta ce ita ma tana ɗinki, ta roƙi in bar ta ta duba, ta sa tabarau ta daɗe tana bin zaren da ido, ta tambaye ni wane ne mai wannan hannu.

Sauran kwanakin ban yi wa Ummi magana ba. Tana gaishe ni da safe, ina amsawa da ka. A jirgi ɗaya, a tebur ɗaya.

Da muka dawo, washegari na ajiye mota na nufi wajen telan. Na san ko wane ne, don mutum ɗaya ne a garin nan zai iya taɓa aikin hannu bai ɓata shi ba: Malam Illiya, mutumin Maraɗi, mai ɗan shago kusa da 125th Street. Da faɗa na je. Na ce masa ita yarinya ce, shi fa, da furfurarsa, yaya aka yi hannunsa ya iya sa almakashi a tsamiya?

Ya tashi daga kan keke, ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin tebur, ya zazzage a gabana.

Baba, ban gane ta ba. Bayan rigar duk asu ya cinye, ya zama kamar rariya. Kafaɗa ɗaya ta yi baƙi ƙirin da fumfuna, inda ruwan hita ya riƙa ɗiga yana shiga akwatin. Na ɗaga hannun rigar, ya rabu biyu a yatsuna ba tare da na ja ba. Wari ya cika shagon.

Malam Illiya ya ce Ummi ta riga ni sanin an yarda da kayan gargajiya, tun ranar da ta karanta takardar. Niyyarta ta ɗauko rigar a ɓoye, a wanke a goge, ta ba ni mamaki in shiga da ita. Da ta buɗe akwatin ta ɗaga, kafaɗar ta zauna a hannunta. Haka ta zo masa tana kuka, da kayan aikin asibiti a jikinta. Gaban rigar kaɗai ya tsira, saboda ɗinkinka ya yi kauri ya riƙe yadin. Mako biyu ya yi yana sa masa shafi daga ciki, zare bayan zare, kuma abin da ya rage bai isa komai ba sai falmaran. Kwat ɗin hayar ma don falmaran ɗin ta sami inda za ta zauna ne. Ta sa shi ya yi alkawari ba zai gaya min ba. Ta ce masa gara in ji haushinta da in ji haushin kaina.

Sai ya dube ni ya ce, “Alhaji, na karya alkawari, Allah ya yafe min. Amma ba almakashina ya kashe rigar nan ba. Yaushe rabonka da buɗe akwatin?”

Na yi ta lissafi a tsaye, ban samo ba. Na tuna dai Ummi tana sakandare.

Ni ne, Baba. Ni da nake cika baki a gaban baƙi, ni na bar ta ta ruɓe taku uku daga inda nake kwana. Abu biyu ka ce min, in saka, in shanya, ban yi ko ɗaya ba. Yarinyar da na ce ba jininka ba ce, ita ta tsinci abin da ya saura na hannunka, ta kuma ɗauki laifina ta ɗora a kanta, ta zauna kwana biyar a teku ina amsa gaisuwarta da ka. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Daga shagon, gidan Ummi a Soundview na wuce. Ka san a gidanmu uba ba ya ba ɗa haƙuri, ban taɓa ji ka yi ba, ban kuma taɓa ganin ka yi abin da zai sa ka yi ba. Na tsaya a ƙofarta da ledar a hannu. Tana ganin ledar ta gane. Na ce mata na zalunce ta, ta yafe min, kuma maganar da na faɗa ƙarya ce, duk zuriyarka ba wanda ya gaje ka kamarta. Ta yi kuka, ni ma ban tsira ba. Da muka natsu ta kawo min shayi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta ce in gaya mata sunan kowane zane da ke jikin ɗinkin. Da Hausa ta tambaya. Na nuna mata askar ɗaya bayan ɗaya, na nuna mata inda zare ya ƙare maka. Ta ce ta lura da wurin tun a shago, ita ta hana Malam Illiya ya gyara.

Juma'ar da ta wuce na ɗora falmaran ɗin a kan farin kaftani na tafi masallaci. Masu jiran hoto sun yi dariyarsu, wani ya ce ango ya sha ƙamshi. Na bar su. Da na dawo na rataye ta a bakin taga ta sha iska. Haka zan riƙa yi duk Juma'a har ta tsufa a jikina, kuma na gaya wa Ummi in na riga ta tafiya tata ce, da sharaɗin kada ta sa ta a akwati.

Ka yafe min, Baba. Na makara, amma na saka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka fiye da hasken da kake nema a bakin zaure. Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa ku a Aljanna. Ummi kuma Allah ya ba ta 'ya'yan da za su rufa mata asiri yadda ta rufa min. Amin.

Ɗanka mai neman gafararka,
Lawal